Nono ya fito mini kamar na mace, ga aure ya matso

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, a Garwa ta ƙasar Kamaru nake zaune, acaɓa ce sana'ata. Tun ina ɗan shekara 14 nono ya fito mini, na hagu ya ɗan fi na dama girma. Da farko yana yi mini zafi in an taɓa, yanzu ya daina, amma bai koma ba. Rabona da in tuɓe riga a gaban mutane har na manta. Na daina buga ƙwallo, na daina zuwa wanka Binuwai da abokai, saboda akwai masu kirana "Hajiya". Kullum sai na ɗaure ƙirjina da ƙyalle na sa singileti biyu kafin in hau babur, ko da zafin watan Afrilu ne. Na sha jiƙe-jiƙe, na shafa mayuka, wani mai tallar magani ya sayar mini da ƙwayoyi ya ce na ƙara sinadarin maza ne, ban ga canji ba. Yanzu wani wanzami ya ce zai tsaga wurin ya kafa ƙaho ya zuƙe. Ba zan ɓoye maka ba, ina shan tramol don in jure aiki. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Akwai maganin da zai narkar da shi ba tare da tiyata ba? Zan iya haihuwa kuwa? In gaya wa yarinyar ko in yi shiru? Ga kuma ƙanena ɗan shekara 14, shi ma nasa ya fara tasowa, yana kuka a ɓoye.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya kai mu ranar da rai da lafiya.

Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, don ka daina zubar da kuɗin guminka. Nonon da ya shekara 12 a ƙirjin namiji babu man shafawa, babu jiƙo, babu ƙwayar da za ta narkar da shi. In naman nono ne na gaske, likitan fiɗa ne kaɗai ke iya raba ka da shi. Sai dai aiki ne da aka saba yi, ba a buɗe ƙirji, ba a zuwa kusa da zuciya, a ƙarƙashin fata kawai ake yin sa, kuma yawanci mutum kan koma gida a ranar ko washegari. Amma kafin a kai ga maganar tiyata sai an san abu biyu: mene ne a ƙirjin naka, kuma me ya kawo shi. Wanda ya tsallake waɗannan biyun ya tafi kai tsaye wurin yanka, yana iya cire alamar ya bar ciwon da ya haife ta.

Kowane namiji yana da ɗan naman nono kwance a ƙarƙashin kan nononsa, tun daga haihuwa. Jikin namiji kuma yana yin sinadarin maza, testosteron, tare da ɗan kaɗan na estrojen, wanda ya fi yawa a jikin mata. Estrojen yana tayar da naman nono, testosteron yana danne shi. In estrojen ya ƙaru, ko testosteron ya ragu, sai naman ya samu hanya ya girma. Shi ke nan abin da ya same ka. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma alamar cewa kai rabin namiji ne ba. In likita ya rubuta sunan abin a karnenka, wato littafinka na asibiti, za ka ga ya sa jinekomasti.

Sau uku abin yake yawan zuwa a rayuwar namiji. Na farko a jarirai, saboda sinadarin uwa da ya rage a jikin yaro, kuma yana bajewa da kansa cikin 'yan makonni. A nan zan ɗan tsaya, domin kai ma gobe uba ne: kada ka yarda a matse nonon jariri wai don a fitar da ruwan da ke ciki. Wannan matsar da tsofaffinmu ke yi wajen wankan jego ita ce ke sa wurin ya ƙara kumbura, wani lokaci ya yi mugunya har sai an tsaga a asibiti. Na biyu lokacin balaga, wajen shekara 13 zuwa 14. Na uku in mutum ya haura shekara 50, testosteron ya soma raguwa, teɓa ta soma ƙaruwa.

Ƙanenka yana cikin kashi na biyu, kuma labarinsa ya fi naka sauƙi nesa ba kusa ba. Kusan rabin yara maza suna samun wannan ɗan kumburin in suna balaga, wani a gefe ɗaya, wani duka biyu, da ɗan zafi in riga ta goga. A mafi yawansu yana komawa da kansa tsakanin wata 6 zuwa shekara 2. Ka zaunar da shi ka gaya masa haka da bakinka, kai da ka san ɗacin abin, kada ya yi shekaru yana kuka shi kaɗai. Kada a matsa, kada a daddanna da dutse mai zafi ko muciya kamar yadda ake yi wa 'yan mata a wasu sassan ƙasar nan, ƙuna da tabo kawai ake samu. A kai shi asibiti sau ɗaya a duba shi, sannan a riƙa komawa bayan kowane wata 6. In abin yana girma da sauri, ko zafin ya hana shi sukuni, ko ya wuce shekara 2 bai soma komawa ba, to a nan likita zai shiga. Kai kana cikin 'yan kaɗan da nasu bai koma ba, kuma ba wanda ya kai ka aka duba a lokacin da magani zai iya yin aiki. Kada a maimaita wannan a kansa.

Yanzu mu dawo kanka. Akwai gwajin da za ka yi yau da dare a ɗakinka. Ka kwanta rigingine, ka sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kai. Da ɗaya hannun, ka buɗe babban yatsa da manuni a gefe da gefen nonon, ka riƙa haɗa su a hankali zuwa wajen kan nono. In ka ji yatsun sun ci karo da wani abu zagayayye mai ɗan tauri kamar roba, zaune daidai a ƙarƙashin kan nonon, yana motsi in ka tura shi, wannan naman nono ne. In kuwa yatsun sun haɗu ba su tarar da komai ba sai laushi, to kitse ne, kuma kitse yana jin rage ƙiba. Mutane da yawa suna da duka biyun a haɗe. Yadda ka ce ya fara da zafi a lokacin balaga, na fi zaton naman nono ne, amma hannun likita ne zai tabbatar.

Akwai alamomin da ba a jira da su, kuma ina so kowane namiji mai karanta wannan ya riƙe su, musamman dattawa. Ƙullutu mai tauri sosai wanda ba ya motsi, ko wanda ya zauna a gefe ba a tsakiyar kan nono ba. Kan nono ya lotsa ciki. Jini ko wani ruwa yana fita. Fata ta tattare ko gyambo ya buɗe. Kaluluwa a hammata. Sankarar nono tana kama maza, ko da yake ba ta da yawa, kusan 1 cikin 100 na masu ita ne maza, kuma abin da ke kashe mazan shi ne jinkiri, don ba su taɓa zaton ciwon ya shafe su ba. Abin da ka bayyana bai yi kama da ita ba, gefe biyu ne kuma ya daɗe a yadda yake. Amma wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a makon nan zai je asibiti, ba bayan kaka ba.

Sai maganar dalili. Naka ya fara da balaga, amma wannan bai hana wani abu ya zo daga baya ya ƙara masa ba, kuma a wasiƙarka na ga abu biyu da suka tayar mini da hankali fiye da nonon kansa.

Na farko tramol. Na gode da ka faɗa, da yawa ba sa faɗa. Tramol dangin magungunan kashe zafi ne masu ƙarfi, kuma in an daɗe ana shan irinsu suna rage testosteron a jiki. Wato ƙwayar da kake sha don ka yini a kan babur tana cin abin da kake nema ka ƙara. Tana rage sha'awa, tana raunana namiji a shimfiɗa, in an sha da yawa tana kawo farfaɗiya, kai kuma ga ka a kan titi da ran wani a bayanka. Ga aure yana zuwa. Dole ka rabu da ita, amma in ka daɗe kana sha kullum kada ka yanke dare ɗaya, jiki zai yi maka bore da zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, ka koma mata da gudu. Ka gaya wa likita ƙwaya nawa kake sha a rana, ya tsara maka yadda za ka riƙa ragewa. Mai ba da allurar barci a ɗakin tiyata ma dole ya sani.

Na biyu ƙwayoyin mai talla. Ba ka san abin da ke cikinsu ba, shi ma mai sayarwar bai sani ba. In da gaske testosteron ne ko danginsa, to ka sani jiki yana juya rarar testosteron ya mayar da shi estrojen, musamman a cikin kitse. Shi ya sa samarin da ke yin allurar ƙara ƙwanji a wuraren ɗaga ƙarfe suke wayar gari da nono, kuma 'ya'yan marainansu su ƙanƙance, maniyyinsu ya ragu. In kuma irin ƙwayoyin sa ƙiba ne, kitse za su ƙara maka a ƙirji. Ka daina sha, ka riƙe kwalin ko sauran ƙwayoyin ka nuna wa likita.

Akwai wasu dalilan da likita zai bi ɗaya bayan ɗaya. Magungunan asibiti ma suna kawo shi: spironolaktan da ake ba masu hawan jini da masu taruwar ruwa a ciki, simetidin na gyambon ciki, ketokonazol, digoksin na zuciya, wasu magungunan taɓin hankali, da efabirenz na masu ɗauke da ƙwayar sida, wato ƙanjamau, wanda yanzu aka fi maye gurbinsa da dolutegrabir. Mai shan ɗaya daga cikin waɗannan kada ya daina da kansa, ya koma wurin wanda ya rubuta masa ya nemi a canza. Giya tana kawo shi, ko bilbil ce ko arki, saboda tana lalata hanta da maraina. Hantar da ta ƙone ba ta iya tace sinadaran jiki yadda ya kamata, kuma a arewacin ƙasar nan ciwon hanta nau'in B yana da yawa ƙwarai. Allurar rigakafinsa ba ta shiga cikin rigakafin yara a Kamaru ba sai 2005, kai an haife ka kafin nan, saboda haka ka yi gwajin, amaryarka ma ta yi, in ba ta da shi a yi mata rigakafi kafin biki. Ciwon ƙoda, maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rama, hangum da ya sauka a maraina bayan balaga, kuturta, da ƙari a cikin maraina, duk suna cikin abubuwan da ake dubawa.

Shi ya sa in ka je asibiti likita zai ce ka tuɓe riga, sannan ya ce ka sauke wando ya duba marainanka. Kada ka ji haushi, kada ka ce ƙirji na kawo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da ya duba ƙirjin saurayi mai wannan matsala bai taɓa marainansa ba, bai gama aikinsa ba, kuma in ya manta ka tuna masa. Ka fara da asibitin lardi na nan Garwa, ka nemi ganin likita, ba mai sayar da magani a farmasi ba. Zai iya rubuta maka gwajin jini na hanta da ƙoda da maƙoshi, da awon testosteron, wanda da safe ake ɗibar jininsa don a lokacin ya fi yawa, da wasu sinadaran da ke nuna ko akwai ƙari. Zai iya neman a yi maka eko, wato hoton cikin jiki da na'ura, na nono ko na maraina. Cibiyar Pasteur, mai yin gwaje-gwajen asibiti, tana da reshe a Garwa, likita zai gaya maka wanda ake yi a nan da wanda sai an aika. In kuɗinka bai kai duka ba, ka faɗa masa kai tsaye, ya zaɓar maka waɗanda suka fi zama dole.

Ka tambayi haihuwa, na san kuma ita ce ke hana ka barci. Nono shi kaɗai ba ya hana namiji haihuwa. In muryarka ta buɗe a lokacinta, gemu da gashin gaba sun fito, marainanka suna da girman na manya, kana samun ƙarfin gaba, to mafi rinjaye lafiyarka ƙalau. Akwai wata halitta da ake haihuwar wasu maza da ita, ana kiranta Klinefelter, wajen namiji 1 cikin 600: sukan yi tsawo, gemu kaɗan, maraina ƙanana masu tauri, nono ya fito, kuma haihuwa tana yi musu wuya. Likita yana iya zargin wannan daga dubawa kawai. In kana son hankalinka ya kwanta gaba ɗaya, ka nemi gwajin maniyyi, ba shi da wahala, kuma ya fi shekara guda ta zullumi. Ka fara rage tramol kafin ka yi shi, don kada ta ɓata sakamakon.

To, mene ne magani? Ga wanda nasa sabo ne, bai kai shekara ba, yana zafi, akwai ƙwaya mai suna tamoksifen, wadda asalinta maganin sankarar nono ce. Tana toshe hanyar da estrojen ke bi ya taɓa naman nono. Likitoci kan ba da ita na wajen wata 3, tana kashe zafin, kuma a mutane da yawa tana rage girman. Sai da ordonans, wato takardar maganin da likita ya rubuta, ake shan ta, domin tana iya sa jini ya daskare a jijiya, ko da yake ba kasafai ba. Amma in nono ya wuce shekara guda, naman yana canzawa, ya zama jijiya-jijiya mai tauri irin ta tabo, kuma shi ya sa naka ya daina zafi. Wannan ba ya jin tamoksifen. In wani ya ce zai sayar maka da ita, kuɗinka zai ci. Testosteron kuwa ana ba wanda gwaji ya nuna nasa ya yi ƙasa ne kawai, shi ma don lafiyar jikinsa, ba don ya narkar da tsohon nono ba.

Motsa jiki yana da amfani in akwai ƙiba, domin kitse yana ƙara girman ƙirji kuma yana ƙara estrojen. Amma kada ka kashe kanka da ɗaga ƙarfe kana jiran nonon ya baje. Tsokar ƙirji a bayan nonon take, in ta girma sai ta ƙara turo shi gaba.

Wanzami kuma ka ba shi haƙuri, ya tsaya a aski. Ba jini ne ya taru a wurin ba, ba ruwa ba ne, nama ne, ƙaho ba ya zuƙo nama. Abin da za ka samu shi ne tsaga a ƙirji, wataƙila mugunya, wataƙila ciwon hanta daga askar da ta taɓa wani, da tabon da zai wahalar da likitan da zai yi aikin gaskiya daga baya. Haka sakiya. Ina roƙonka kada ka je.

Ga yadda tiyatar take. Ana sa mutum barci, wani lokaci in nonon ƙarami ne a kashe wurin kawai. Likita yana yanka rabin da'ira a gefen ƙasa na baƙin da ya kewaye kan nono, daidai inda baƙin ya haɗu da sauran fata, don tabon ya ɓuya a wannan layin. Ta nan yake fitar da naman. Gwani yana barin ɗan siririn nama a ƙarƙashin kan nonon, domin in ya kwashe duka wurin zai lotsa ya zama rami, wanda ya fi nonon muni kuma gyaransa ya fi wuya. In akwai kitse da yawa a kewaye, ana haɗawa da zuƙe kitse da na'ura don ƙirjin ya daidaita. In nonon ya yi girma har ya zubo, sai an rage fata, tabon kuma ya fi tsawo. Aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 2. Wani lokaci ana barin siririyar roba ta kwana ɗaya ko biyu tana fitar da jinin da ya taru. Bayan nan za ka sa matsattsiyar riga ta musamman dare da rana na mako 4 zuwa 6, ba ɗaukar kaya mai nauyi, kuma kai da babur ne abincinka, ka sa a ranka za ka ajiye shi na 'yan makonni, domin riƙon kan babur da girgizar ramuka suna iya tayar da jini a wurin. Kumburin ba ya gama sauka sai bayan wata 3 zuwa 6, kada ka duba madubi a mako na biyu ka ce an cuce ka.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. Jini yana iya taruwa a ƙarƙashin fata har sai an koma an fitar. Kan nono yana iya mutuwar ji na wasu watanni, a wasu ya dawwama. Gefe biyun ba lallai su zama daidai ɗari bisa ɗari ba. Mu baƙaƙen fata kuma muna da saurin yin tabo mai tudu, kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi fitowa. Ka duba jikinka, in kana da tsohon rauni ko shaidar allura da ta yi tudu tana ƙaiƙayi, ka nuna wa likita tun kafin ya taɓa ka. In kana shan taba ka daina makonni kafin aikin, tana hana rauni warkewa. In kana da sikila ko jininka ba ya saurin tsayawa, ka faɗa.

Likitan fiɗa na gama-gari da ya saba da aikin yana iya yin sa, ba dole sai ƙwararren gyaran jiki ba, waɗanda yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sabo. Ka tambaye shi ba kunya: ya taɓa yin irinsa, a ina zai yanka, zai bar nama a ƙarƙashin kan nono, kuma za a kai abin da aka cire ɗakin bincike a duba? Ka nemi a rubuta maka kuɗin aikin gaba ɗaya, da na magani da na kwana da na rigar, kafin ka sa rana. In nonon naka babba ne mai buƙatar rage fata, gara ka daure ka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde da ka bari wanda bai saba ba ya koya a ƙirjinka. Ɗakin da ba asibiti ba kuwa, ko kyauta ne kada ka kwanta a ciki. In an cire naman da kyau ba ya dawowa, sai dai in an koma wa abin da ke tayar da shi, irin su allurar ƙwanji ko ƙiba mai yawa.

Wataƙila wani zai ce maka wannan canza halittar Allah ne. Malamai sun bambanta tsakanin wanda ke neman ƙarin kyau da wanda ke kawar da aibin da ke cutar da shi. Suna kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Saurayin da ya shekara 12 yana ɗaure ƙirjinsa ba ƙawa yake nema ba. Ka tambayi malamin da ka amince da shi don zuciyarka ta natsu. Kuma in bayan gwaji ka ga za ka iya zama da shi haka, ba tiyata, wannan ma hanya ce. In an tabbatar babu ciwo a bayansa, nonon ba ya cutar da lafiya, akwai magidanta da yawa a garin nan da ke da shi a ƙarƙashin babbar riga, da 'ya'yansu da jikokinsu.

Ɗaurin ƙyallen nan ka sassauta shi. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, ɗaure ƙirji tamau daga safe zuwa dare yana kawo ƙuraje da ƙyasbi, yana takura numfashi. Singileti ɗaya mai ɗan matsewa da riga mai faɗi mai duhu sun ishe ka, ka cire in ka dawo gida.

Yarinyar kuma ka gaya mata. Za ta gani ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, kuma gara ta ji daga bakinka a zaure da ta gani a daren farko kana rawar jiki kana kashe fitila. Amma ka je asibiti tukuna, don ka zo mata da magana tsayayya: tun ina yaro naman ƙirjina ya ɗan yi yawa, na ga likita, ya ce lafiyata ƙalau, in Allah ya hore za a cire. Ba sai ka yi mata dogon bayani ba, ba kuma sai danginta sun ji ba. In gwaji ya nuna akwai matsalar haihuwa, wannan kam hakkinta ne ta sani kafin a ɗaura, kuma ba zan ba ka shawarar ɓoyewa ba ko da za ta janye.

Kada ka ɗaga auren saboda wannan, kada kuma ka yi gaggawar tiyata saura mako uku biki, ka shiga ɗakin amarya da ɗinki da matsattsiyar riga. In akwai aƙalla wata 3 tsakaninka da ranar, kuma kuɗin sun samu ba tare da ka taɓa sadaki ba, kana iya yi yanzu. In babu, ka yi aurenka, ka riƙa ajiye abin da kake kashewa a tramol da mayukan shafawa, ka sa aikin a watan Disamba ko Janairu, lokacin sanyi, da rigar matsin za ta fi sauƙin zama a jiki kuma zufa ba za ta dami raunin ba. Ranar da za ka je ganin likita, ka tafi da ƙanenka a duba ku tare.